Gonar da ta ƙi jin ure: maganar zink a fadamun Karakara



Kowace shekara in damina ta zauna, akwai kuka guda da ke dawo mini daga bakin masu masara da masu shinkafar fadama: "Malam, na zuba ure, shuka ba ta yi tsanwa ba. Na ƙara, har yau shiru." Wani ya ce takin bana jabu ne. Wani ya ce baki ne ya kama gonar. Jabun taki akwai shi, ban musa ba. Amma kafin ka ɗora wa mai shago laifi, zo mu duba ganyen tare, domin akwai wata yunwa ta shuka wadda ko buhu goma na ure ba ya kashe ta. Ita ce yunwar zink.

Zan fara da kuskuren kaina. Shekarar da na fara aikin malamin gona, wani dattijo ya kai ni fadamarsa, mako uku bayan dashen shinkafa. Gefe guda ta yi kyau, gefe guda ta tsaya cik, ganyen ƙasa sun yi ɗigo-ɗigo kamar tsatsar tsohuwar fartanya. Na duba sama-sama, na ce masa: "Baba, ƙara mata ure." Ya sayar da akuya ya sayo. Bayan kwana 15 gefen da ke da lafiya ya ƙara tsawo, gefen mara lafiya yana nan yadda na bar shi, sai ciyawa da ta ji daɗi. Dattijon bai ce mini komi ba, shirunsa kuwa ya fi zagi ciwo. Da na koma na durƙusa na dubi ƙasar, sai ga farin ɓawo a bakin kunya, irin wanda kowa ya sani a Dallol: kanwa ce. Nan ne maganar take, ni kuwa na taka ta da ƙafata na wuce.

Mene ne zink?

Ƙarfe ne. Shi ne ake shafa wa kwanon rufin ɗaki da bokitin ƙarfe don kada su yi tsatsa, kuma tsofaffi sun san shi da sunan tutiya. A jikin buhun taki ana rubuta shi da baƙaƙe biyu: Zn. Kowace ƙasa tana da ɗan abin da ta samu nasa daga duwatsun da anka yi ta da su, da kuma ganye da kashin dabbobi da sunka ruɓe cikinta.

Abin da shuka ke nema nasa kaɗan ne ƙwarai. Ton guda na busasshen ganye mai lafiya, abin da ke ciki na zink bai wuce giram 20 zuwa 50 ba. Eka guda, wato hekta, ta masara, da ƙwaya da kara, ba ta ɗauke rabin kilo a shekara, alhali azot ɗin da ure ke bayarwa sai ta sha kilo da dama. Kwatancinsa gishiri ne a miya: tukunya cike da nama da kuɓewa, in babu ɗan yatsa uku na gishiri, ba ta ciyuwa, kuma ƙara nama ba ya gyara ta.

Wannan ɗan kaɗan ɗin, ga aikinsa. Da shi shuka ke haɗa sinadarin da ke miƙa gaɓar kara da faɗaɗa ganye. In babu shi, gaɓoɓi sai su taƙure, shuka ta zama gajera, ganye su cunkushe a ka. Yana taimakon yin tsanwar ganye, wadda da ita shuka ke dafa abincinta da hasken rana. Yana kare ganyen daga ƙunar rana mai tsanani, shi ya sa ciwon ya fi fitowa fili a ranakun da hadari ya washe. Da shi kuma garin fure ke yin ƙarfi. In ya yi ƙaranci, sai ka ɓare goyon masara ka iske gibi-gibi.

Mu da munka zauna lise mun ji sunan Jules Raulin, almajirin Pasteur, wanda a 1869 ya nuna cewa wata irin fumfuna ba ta girma in babu zink. Sai a 1926 Sommer da Lipman, a Amurka, sunka tabbatar haka abin yake ga shuke-shuken gona. Shekara ɗari ke nan da sanin maganar, amma buhunan da munka saba da su, ure da kanz-kanz da DAP, ba don zink anka yi su ba. Lambobi ukun nan na 15-15-15, azot ne da fosfor da fotas.

Inda ciwon ke zaune

Ƙasarmu kashi biyu ce, kowa ya sani: tudu mai rairayi inda ake hatsi da wake da gyaɗa, da fadamun Dallol Mawri inda ake rake, rogo, shinkafa, albasa da lambun mangwaro ƙarƙashin giginya. Maganar zink ba ɗaya ba ce a wurare biyun nan.

A fadama, sau da yawa zink ɗin yana nan cikin ƙasa, amma an kulle shi. Mai kulle shi kuwa kanwa ce da danginta. Ku dubi Dallol Foga, maƙwabcinmu, inda mata ke dafa gishiri tun kaka da kakanni: ruwan ƙarƙashin ƙasa na kusa, rana ta ja shi sama, ya bushe ya bar gishiri da kanwa a fuskar ƙasa. Haka ke faruwa a wasu sassan fadamunmu, ko da bai kai na Foga ba. Masana suna auna wannan da wani ma'auni da ake kira pH. Lamba 7 ita ce tsakiya. Ƙasa da 7 tsami, sama da 7 ɓangaren kanwa. Duk lokacin da ma'aunin ya hau da lamba guda, zink ɗin da ke narke cikin ruwan ƙasa, wanda shi kaɗai saiwa ke iya sha, yana raguwa kusan sau 100. Ƙasar da ta kai 8 ko 9 tana iya zama da zink kamar rumbu cike, amma mabuɗi ya ɓace.

Ruwan da ya kwanta ya ƙara dagula abin. Fadamar da ba ta taɓa shan iska ba, wadda ruwa ke zaune kanta daga dashe har girbi, tana tara wasu sinadarai da ke hana saiwar shinkafa jan zink. Shi ya sa ciwon ya fi kama ƙwarin gona, inda ruwa ya fi zurfi, ya bar gefen da ke tsanewa.

Sai kuma aikin hannunmu. Mafi yawan zink mai amfani yana cikin taƙi guda na saman ƙasa, inda baƙar ƙasa take. Wanda ya kankare tudu ya cika rami don ya daidaita fangalin shinkafa ko na albasa, ya kwashe wannan saman, ya bar ƙasar ciki tsirara. Shekara biyu ko uku wurin da anka kankare zai yi ta ba shi kunya. Haka gonar da zaizayar ruwa ta wanke. Wannan ba a nan kaɗai ba ne: duk inda anka baje fili da inji don noman rani, irin filayen ONAHA na bakin kogi wajen Gaya, ya kamata a sa ido ga wuraren da anka yanke.

Akwai kuma fosfor. Taki ne mai kyau, kuma shi ƙasarmu ta fi ƙishi. Amma mai lambun da ke jibga DAP kowace shekara a fangali guda, yana ganin yawa shi ne gwaninta, yana iya jawo wa albasarsa yunwar zink da kuɗinsa, domin fosfor in ya yi yawa yana danne shi. Toka ma haka: kaɗan gyara ce, tuli guda a wuri guda ɓangaren kanwa take kai ƙasa.

A tudu kuwa labarin dabam ne, kuma ina so a ji ni da kyau. Rairayinmu matalauci ne ga komi, har da zink. Sai dai binciken da INRAN da cibiyar ICRISAT ta Sadore sunka yi shekara da shekaru kan gonakin hatsi ya nuna cewa abin da ke fara tsayar da hatsi shi ne rashin fosfor da rashin taki na gida, sannan azot. Hatsi ma ba ya cikin masu saurin kuka da zink. Masara, shinkafa, albasa, wake, lemu da dawa su ne a gaba. To, mai gonar hatsin da bai taɓa kai mata taki ba, kada ya ji wagga magana ya ruga neman zink. Ya fara da takin dabbobi da ɗan tsunkule a gindin shuka, giram 6 na kanz-kanz ko giram 2 na DAP a kowane rami. Sai gona ta fara bada amfani mai yawa shekara a jere, ana kwashe ƙwaya da kara, sannan ƙaramar yunwa ke leƙowa.

Karanta ganye

Ga masara, duba ganyen sama, sababbi, mako biyu zuwa biyar bayan tsiro. Za ka ga faffaɗan zane fari ko ruwan ɗorawa mai haske, yana farawa daga gindin ganye, a gefe biyu na jijiyar tsakiya. Jijiyar kanta da bakin ganye da tsininsa suna nan da tsanwarsu. In abin ya yi tsanani, sabon ganyen da ke fitowa daga zuciya fari yake fitowa. Shukar gajera ce, kamar an danne ta da hannu.

Ga shinkafa, mako biyu zuwa huɗu bayan dashe ne lokacinsa. Gindin sabon ganye ya kwaɗe, tsofaffin ganye su yi ɗigon tsatsa, ɗigon ya haɗe ya zama zane. Ba ta ƴaƴa da yawa, gona ta yi tudu da kwari, nan doguwa can gajera. Wani lokaci ta farfaɗo da kanta bayan mako shida, mai gona ya ce ta warke. Amma ta riga ta makara, nunarta zai yi jinkiri, buhu kuma zai ragu.

Ga lemu da mangwaro, ganyen bakin reshe su ƙanƙance, su yi siriri, su taru kamar tsintsiya, da rawaya tsakanin jijiyoyi.

Yanzu ga masu kama da shi, don a nan ne ake asarar kuɗi. Yunwar azot daga ganyen ƙasa take farawa, tsofaffi, rawayar ta taso daga tsini ta bi jijiyar tsakiya. Wannan ce ure ke warkarwa. Ciwon zane na masara, wanda wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa, siraran layuka ne masu yankewa a duk faɗin ganye, kuma yana kama shuka ɗaya ya tsallake ta kusa da ita, alhali yunwar zink fili guda take kamawa, ta bi irin ƙasar wurin, kuma baɗi a nan za ka sake iske ta. Shinkafa tana da nata ciwon rawaya mai yaɗuwa wanda babu takin da ke maganinsa. Dawa ko masarar da ta taƙure a tudu, tona gindinta tukuna, kila ƙuduji ne ke shan ta.

Akwai ɗan gwaji da kowa ke iya yi. Ɗebo busasshiyar ƙasa daga wurin da shuka ta ƙi, ka matsa mata lemun tsami. In ta yi kumfa tana tsuwa, ƙasar tana ɓangaren kanwa, kuma zargin zink ya yi ƙarfi. In ba ta yi ba, ba a wanke ta ba tukuna. Tabbaci sai awo, kuma INRAN tana da ɗakin awon ƙasa a Yamai. Ƙungiyar manoma tana iya haɗa kuɗi ta aika. A ɗebi ƙasa daga wuri 15 ko 20 cikin gonar, zurfin santimita 20, a cuɗe, a ɗauki rabin kilo. A cuɗe ta cikin bokitin roba. Wanda ya cuɗa cikin bokitin ƙarfe mai shafen tutiya ya zuba wa ƙasar zink da hannunsa, awo kuma zai ce masa gonarsa lafiya lau.

Abin da wasu sunka gani

A arewacin Indiya, a shekarun 1960, wani ciwo da manoma ke kira khaira ya addabi shinkafa, ganye na yin tsatsa, ana ta neman ƙwayar cutar da ke kawo shi. Wani malami na jami'ar Pantnagar, Y. L. Nene, shi ya gano ba cuta ba ce, yunwar zink ce, kuma feshi kaɗan ya tada gonakin. Daga baya ya yi aiki a ICRISAT, uwar cibiyar nan ta Sadore. A Turkiyya kuma, farkon shekarun 1990, an gano haka ga alkamar tsakiyar Anatoliya, inda ƙasa ke da farar ƙasa da yawa. Tun daga nan masu haɗa taki na can sunka fara sa zink cikin buhu. Abin da ya burge ni a labaran biyu, manoman can ma sun daɗe suna ƙara takin da ba shi gonar ke nema ba.

Magani

Na fari ba a sayen sa a shago. Takin dabbobi, da na juji da ya ruɓe sosai, yana ɗauke da zink, na kaji ya fi, kuma yayin da yake ruɓewa yana sassauta kullen da kanwa ta yi. Tsohuwar al'adar nan ta kiran Fulani su kwantar da shanu a gona da rani, a ba su hatsi, ta ciyar da ƙasarmu da abubuwan da kakanninmu ba su san sunansu ba. Yau kara ya zama kuɗi, ana kwashe shi har tushe a kai kasuwa. Ban ga laifin mai iyali ba, amma abin da ya fita da amalanke, sai an mayar da wani abu da amalanke.

Ga mai shinkafa, in gonarka tana da mafitar ruwa, da ka ga ɗigon tsatsa ka saki ruwan, ƙasa ta sha iska kwana uku ko huɗu, har ta fara ɗan tsagewa, sannan ka mayar. Wannan kaɗai yakan tada ta. In za ka baje fangali, tara baƙar ƙasar sama gefe, ka daidaita ta ciki, ka mayar da ta sama.

Sai na saye. Sunansa a buhu sulfate de zinc. Wanda ya shigo daga Najeriya ta kasuwannin iyaka irin su Kamba, za ka ga an rubuta zinc sulphate. Iri biyu ne: mai kama da ƙanƙarar gishiri, wanda ke da zink kashi 21 zuwa 22 cikin 100, da mai gari, wanda ke da kashi 33 zuwa 35. Na farin, kilo 25 ga hekta. Na biyun, kilo 15 ya isa. A cuɗa shi da busasshen rairayi don ya watsu daidai, a watsa kafin shuka ko dashe, a juya shi cikin ƙasa, domin zink ba ya tafiya, inda ka ajiye shi nan yake zama. Sawa guda tana kai shekara biyu ko uku, don haka ba abin kowace damina ba ne. Wanda ya yi ta zubawa, ƙarshe sai ya zama dafi ga shuka. Kada a haɗa shi da DAP a kwano guda, su biyun suna kama juna su daskare.

In shuka ta riga ta nuna ciwon, feshi ya fi sauri. Giram 5 na mai ƙanƙarar nan cikin litar ruwa guda. Fanfon goyo na lita 15 ke nan giram 75. A auna a sikeli sau guda, a zuba cikin gwangwanin tumatir, a yi masa alama, ya zama ma'auninka. A fesa da sassafe ko da marece, a sake bayan kwana 10. Wanda ya ninka awo don sauri, ko ya fesa da tsakar rana, zai ƙone ganye. Ga lemu da mangwaro, a fesa lokacin da sabon toho ya fito.

Amma kada ka sayi na hekta tun fari. Auna taku 10 a tsaye, 10 a kwance, kusan mita 10 kowane gefe, a tsakiyar wurin da ya ƙi. Giram 250 ya ishe shi. Ka kafa turaku, ka bar na kusa da shi haka nan, ka yi musu aiki iri ɗaya. Da kaka ka yanke kowane dabam, ka auna da tiya. In bambancin ya biya kuɗin magani ya bar riba, baɗi ka faɗaɗa. In bai biya ba, giram 250 kaɗai ka yi asara, ba akuya ba.

Gargaɗi guda wanda ya shafi rai. Akwai wani baƙin gari da ake sayarwa don kashe ɓera, sunansa phosphure de zinc. Sunan ya yi kama, amma guba ne mai kisa, ba taki ba ne. In ba ka iya karatu ba, kai buhun ko ƙunshin a karanta maka kafin ka buɗe. Kuma tsohon batir da guntun kwano da wasu ke binnewa gindin itace ba magani ba ne. Batir yana da wasu dafin da za su shiga ƙasa da rijiya.

Daga gona zuwa akushi

Abin da ƙasa ba ta bai wa ƙwaya ba, ƙwaya ba ta bai wa yaro. A 1961 wani likita, Ananda Prasad, ya bada labarin samari a Iran waɗanda sunka kai shekara ashirin da jikin ƴan yara, abincinsu kusan gurasa zalla. Ya zargi rashin zink, ya kuma tabbatar da haka a Masar bayan shekara biyu. Mutum ma, kamar masara, in zink ya yi masa ƙaranci tsawonsa ke tsayawa, ciwo ya riƙa saurin kama shi. Tun 2004 hukumar lafiya ta duniya da UNICEF sunka ce yaron da ke zawo a ba shi ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14 tare da ruwan gishiri da sukari. Wannan ƙwayar a likita ake karɓar ta. Na gona na gona ne, kada uwa ta jiƙa shi ta bai wa yaro.

Hatsi da dawa suna da zink, sai dai akwai wani abu cikin ƙwayar da ke riƙe shi ya hana ciki sha. Jiƙo da tsamin gasara suna rage wannan riƙon, don haka kokon da ya kwana ya yi tsami ya fi wa yaro amfani ta wannan fanni. Nama, kifi, wake da gyaɗa suna ƙarawa. Akwai kuma irin hatsin nan Chakti, wanda ICRISAT da INRAN sunka fitar a Nijar a 2018, mai saurin nuna, wanda ƙwayarsa ta fi ta sauran iri sinadarin ƙarfe da zink. Saurin nunarsa yana jawo tsuntsu in kai kaɗai ka shuka, don haka gara maƙwabta su shuka tare.

Wanda ya ga alamun da na faɗa, ya tuge shuka biyu da saiwarsu, ɗaya daga wurin da ya ƙi, ɗaya daga wurin da ya yi kyau, ya ɗebo ƙasar gindin kowace cikin leda dabam, ya naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma, ya kawo wa malamin gona na garinsu tun ranar, kafin ganye ya yi yaushi. Ya zo kuma da buhun takin da ya sa, ko da fanko ne, a karanta abin da ke jikinsa.